Shin koyon kiɗa yana ƙara wa yaro kaifin ƙwaƙwalwa, ko kuwa tallar makaranta ce kawai?

Maman Sadiƙu, Garwa

Assalamu alaikum. Ina da tambaya wadda ta kwana biyu tana cin raina, kuma na san a cikinku akwai malaman makaranta da iyaye waɗanda suka riga mu ganin irin wannan al'amari.

Ɗana na biyu shekararsa 8, yana aji uku na firamare. Tun yana rarrafe ba ya ganin abu mai rami ya ƙyale shi: bokiti, tasa, jarka, har murfin tukunya duk sun sha duka a hannunsa, kuma abin mamakin shi ne dukan nasa yana da tsari, domin idan ya ji kiɗa a gidan biki zai dawo gida ya maimaita shi daidai. To, a wannan zangon karatu makarantar kuɗin da yake zuwa ta kawo wani malami da zai riƙa koya wa yara piyano ta lantarki ranar Laraba da yamma, tunda ranar da wuri ake tashi, a kan sefa dubu biyar kowane wata. A taron iyaye shugaban makarantar ya gaya mana cewa binciken Turawa ya tabbatar da cewa yaron da ya koyi kiɗa ƙwaƙwalwarsa tana buɗewa, ya fi tsaransa lissafi da Faransanci.

Mai gidana ya ce idan maganar gaskiya ce zai biya ba musu, idan kuwa ba haka ba ne, gara a kai kuɗin ga malamin ƙarin darasi, domin yaron yana da rauni a lissafi. Wan mai gidana kuma ya ce kiɗa ba gadon gidansu ba ne. Abin da nake so in sani shi ne: shin da gaske koyon kiɗa yana yi wa ƙwaƙwalwar yaro wani abu? Idan yana yi, lallai sai piyano, ko kuwa kalangu da garaya irin namu ma suna cikin lissafi? Kuma shekara 8 ba a makara ba? Allah ya saka da alheri.

Malamin Kimiyya, Marwa

Wa alaikumus salam, Maman Sadiƙu. Maganar shugaban makarantar nan gaskiya ce da aka haɗa da ƙari, kuma ya kamata a raba su, domin kuɗin da za ku kashe a kan ƙarin ne ake so ku kashe shi.

Bari in fara da inda ƙarin ya samo asali. A shekarar 1993 wata mai bincike a Kalifoniya ta Amurka, Frances Rauscher, ita da abokan aikinta suka sa ɗaliban jami'a 36 sauraron kiɗan piyano na Mozart na minti 10, sannan suka yi musu gwajin gane siffofi, irin wanda ake nuna wa mutum takarda an ninke an yanka a ce ya faɗi yadda za ta kasance idan an buɗe ta. Ɗaliban sun ɗan fi ƙoƙari bayan sauraron, amma fifikon bai wuce kusan minti 15 ba ya gushe. A lura, manya ne ba yara ba, saurare suka yi ba koyo ba, kuma ba lissafi aka gwada ba. Duk da haka labarin ya bazu har ta kai a 1998 gwamnan jihar Jojiya, Zell Miller, ya nemi a ware dala 105,000 domin a raba wa kowane jariri faifan irin wannan kiɗa. Daga nan ne maganar "kiɗa yana sa yaro hazaƙa" ta zama jarin masu talla, kuma ga shi yau ta iso har Garwa.

Gaskiyar da ke cikin maganar kuwa ita ce, koyon kaɗa wani abu da hannu yana canza ƙwaƙwalwa, kuma an ga canjin da na'ura. A 1995 wani ɗan Jamus, Thomas Elbert, ya auna ƙwaƙwalwar masu kaɗa gogen Turawa da danginsa, ya tarar cewa yankin da ke karɓar saƙo daga yatsun hannun hagu, wato yatsun da suke danna tsirkiya, ya fi na sauran mutane faɗi, alhali a yankin hannun dama mai riƙe da abin gogawa ba a ga irin wannan bambanci ba. Waɗanda suka fara tun suna ƙanana su ne faɗin nasu ya fi yawa. A wannan shekarar ce kuma Gottfried Schlaug ya nuna cewa gadar jijiyoyin da ta haɗa ɓarin dama da ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa ta fi kauri a makaɗan da suka fara kafin su cika shekara 7. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: mai kiɗa hannuwansa biyu suna aiki daban-daban a lokaci guda, kunnensa yana bin abin da ke fita yana gyarawa, to dole ɓangarorin da ke kula da waɗannan ayyuka su yawaita aika wa juna saƙo, hanyar da aka yawaita bi kuwa ita ke zama titi.

Mai hankali zai iya cewa watakila da irin wannan ƙwaƙwalwa aka haife su, shi ya sa suka zama makaɗa. Saboda haka aka bi yara tun daga farko. A 2009 Krista Hyde da abokan aikinta a Boston suka ba da rahoton yara 31 'yan kimanin shekara 6, kusan rabinsu suna koyon piyano na rabin sa'a a mako, sauran ba sa yi. Da farko ba a ga bambanci a hoton ƙwaƙwalwarsu ba, amma bayan wata 15 masu koyon sun nuna canji a yankin motsa hannu da yankin ji da kuma gadar nan da na ambata. Yatsunsu sun fi sauri, kunnensu ya fi rarrabe sauti da amo. Amma a sauran gwaje-gwajen da ba su shafi kiɗa ba, ba su fi takwarorinsu ba. Wannan wurin ne masu talla ba sa karantowa.

Binciken da ya fi goyon bayan shugaban makarantarku shi ne na Glenn Schellenberg a Toronto ta Kanada a 2004. Ya raba yara 144 'yan shekara 6 gida huɗu ta hanyar ƙuri'a: piyano, rera waƙa, wasan kwaikwayo, da waɗanda ba a ba su komai ba, har tsawon mako 36. Makin gwajin basira na masu kiɗa da waƙa ya ƙaru da kusan 7, na sauran da 4 da ɗoriya, wato ratar ba ta cika maki 3 ba. Rata ce, amma ƙarama, kuma 'yan wasan kwaikwayon su ne suka fi samun ci gaba wajen iya zama da mutane. Shi kansa Schellenberg daga baya ya riƙa jan kunnen mutane cewa yawancin fifikon da ake gani ga yara masu darasin kiɗa daga gida suka zo da shi, domin gidan da ke iya biyan kuɗin piyano galibi shi ne gidan da akwai littattafai da abinci isasshe da iyaye masu duba aikin gida. A 2020 kuma Giovanni Sala da Fernand Gobet suka tattara bincike 54 da suka shafi yara kusan 7,000, suka ce a duk inda aka tsara gwajin da kyau, aka ba ɗaya rukunin wani aikin na daban maimakon a bar su zaune, amfanin kiɗa ga lissafi da karatu yana komawa kusan babu. Akwai masanan da suka sake duba alƙaluman suka ce akwai ɗan amfani kaɗan, amma babu wanda ya ce mai yawa ne.

Saboda haka, idan raunin yaron a lissafi shi ne damuwar, maganinsa lissafi ne, a wannan mai gidanki yana da gaskiya. Amma ba zan so a rufe maganar kiɗan a nan ba, domin yaron da ke jin kiɗa sau ɗaya ya maimaita shi yana da wata baiwa, kuma baiwar tana da haƙƙi a kanku ko da ba ta ƙara masa maki ko ɗaya a makaranta ba.

Ɗan Gidan Makaɗa, Ngaundare

Assalamu alaikum. Malam, Allah ya ƙara ilimi, na karanta bayaninka har sau biyu. Ni ban yi nisa a boko ba, amma a gidan kalangu aka haife ni, kakana ya yi wa mahauta kiɗa, mahaifina ma haka, ni ne dai na koma sana'ar gyaran babur. Zan yi magana a kan tambayar Hajiya ta biyu, ko lallai sai piyano.

A gidanmu ba a zaunar da yaro a ce yau za a fara darasi. Yaro yana bin manya wurin kiɗa, a ba shi ƙaramin abin kiɗa irin kuntukuru ya riƙe amo ɗaya tak, ya yi ta maimaita shi ba tare da ya kauce ba, alhali babban kalangu yana ta yawo a kansa, yana hawa yana sauka. Wannan shi ne abu mafi wuya ga yaro, ya riƙe nasa yana jin na wani bai ruɗe ba. Idan ya kauce, kallo ɗaya mahaifina zai yi masa ya koma kan hanya. Sai ya shekara biyu ko uku a haka kafin a bari ya rataya kalangu a hammata. A nan kuma aiki uku ne a lokaci guda: hannu ɗaya yana dukan fata da makaɗi, ɗaya hannun da damtse suna matse tsirkiya suna sakinta domin sauti ya hau ko ya sauka, kunne kuma yana kan mawaƙi da 'yan amshi. Idan abin da Malam ya ce game da hannu biyu da kunne gaskiya ne, to ban ga abin da piyano ta fi kalangu da shi ba, sai dai tsada.

Akwai kuma abin da kalangu yake yi wanda ban ji an ce piyano tana yi ba, wato magana. Hausa tana da hawa da saukar murya, shi ya sa kuka na hawaye da kuka ta miya rubutunsu ɗaya amma faɗarsu daban. Kalangu wannan hawa da saukar yake bi, har ya faɗi taken mutum ko kirarinsa, mai taken kuma ya ji daga nesa ya san da shi ake. Yaron da ya koyi wannan dole kunnensa ya yi kaifi. Ni dai na san cewa a aikina na yanzu ina jin ƙarar inji in san inda ciwon yake kafin in kwance shi, yarana na shago kuwa sai sun kwance. Ba na cewa kalangu ne ya ba ni, amma haka nake zato.

Game da wan mai gidanki, Hajiya, ba zan ɓoye miki ba, na san abin da yake gudu. Yana gudun a ce ɗan gidansu ya zama maroƙi. Mun sha jin wannan magana tun muna yara, kuma tana da ciwo. Sai dai koyon kiɗa daban, roƙo daban. Sarakunanmu na nan arewa, daga Ngaundare har Rey Buba, ba sa fita ranar salla sai da algaita da kakaki da ganguna, kuma ban taɓa jin wanda ya ce fadar ta zubar da mutunci ba. Ana son kiɗan, ana ƙin makaɗin, haka muka taras.

Hajiya Ma'aikaciyar Jinya, Injamena

Salamu alaikum. Ƙanwata Maman Sadiƙu, ni abin da ya faru a gidana zan gaya miki. Ɗiyata ta fara piyano ta lantarki tana da shekara 9, yanzu shekararta ta uku ke nan. Makin lissafinta yana nan inda yake, bai hau ba bai sauka ba. Abin da ya canza shi ne zama. Yarinya ce wadda a da ba ta iya minti biyar a wuri ɗaya, yanzu kuwa takan zauna rabin sa'a tana maimaita layi guda har sai ya fita, kuma ta daina yin kuka idan ta yi kuskure, domin ta saba da cewa kuskure ana komawa a gyara shi. Ko kiɗan ne ya kawo haka ko girma ne ya zo, wannan sai su Malam, amma ni na ji daɗin abin da na gani.

Sai dai ki yi lissafin abin da ba a faɗa a taron iyaye ba. Darasin rana ɗaya a mako ba ya kai yaro ko'ina idan babu abin da zai taɓa a gida sauran kwana shida. Watanni shidan farko kuɗinmu kawai muka zubar, domin duk Laraba sai ta koma inda ta faro, sai da muka saya mata 'yar ƙarama ta hannu wadda ke aiki da batir, saboda halin wutar lantarki da kin sani. Minti 15 kullum ya fi sa'a biyu rana ɗaya.

Sannan a matsayina na ma'aikaciyar lafiya ina roƙon a kula da kunne. Yara suna son sa abin sauraro a kunne su ƙure ƙara. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ga yara ita ce kada sautin irin waɗannan na'urori ya wuce desibel 75 a ma'aunin ƙarfin sauti, na tsawon sa'o'i 40 a mako. A aikace, idan kina tsaye kusa da shi kina jin abin da ke fita daga abin kunnen, ko kina yi masa magana bai ji ba, ƙarar ta yi yawa. Ƙananan ƙwayoyin da ke cikin kunne masu ɗaukar sauti idan suka lalace ba sa sake tsirowa. Haka ma ganga a cikin ƙaramin ɗaki rufe, gara a fita tsakar gida.

Baffan Yara, Kusiri

Assalamu alaikum. Na ga kowa ya yi maganar ƙwaƙwalwa, ba wanda ya taɓo addini, alhali ina kyautata zaton shi ne rabin abin da ke zuciyar wan mai gidan nan. Malamai sun yi saɓani a kan kayan kiɗa tun da daɗewa: akwai masu hanawa, akwai masu halatta wasu su hana wasu, akwai masu duba abin da ake yi da kiɗan da kuma inda ake yin sa. Wannan hukunci ba na masu auna ƙwaƙwalwa ba ne, saboda haka ina ba da shawara iyayen su zauna da malamin da suka amince da shi kafin su yanke. Kuma kada a manta yaron yana da allo ko Islamiyya da yamma, kada ranar Larabar ta ci lokacinsu. Ina kuma tambayar Malamin Kimiyya, yaron da ke koyon tajwidi, yana rarrabe mafitar haruffa, yana auna tsawon madda, yana hadda, shi ba horon kunne da ƙwaƙwalwa yake yi ba?

Maman Sadiƙu, Garwa

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa mai gidana duka amsoshin jiya da dare. Baffa, maganarka ta shiga, ya ce zai tuntuɓi limamin unguwarmu shi da wansa tare, don kada a ce an yi abu a bayan idonsa, Islamiyyarsu kuma ba ta zama ranar Laraba. Malam, har yanzu ba ka amsa mini maganar shekaru ba, kuma da na ji ka ce kafin shekara 7 sai gabana ya faɗi. Sannan me za ka ce a kan maganar kalangu da kaifin kunne?

Malamin Kimiyya, Marwa

Ki kwantar da hankalinki, Maman Sadiƙu, ba a makara ba. Shekara 7 ɗin nan an same ta ne daga auna ƙwararrun makaɗa waɗanda kiɗa ya zama sana'arsu, kuma abin da take nunawa shi ne farawa da wuri yana barin alama mai zurfi, ba wai ƙofa tana rufewa ba. Ƙwaƙwalwa tana ci gaba da sauyawa da koyo har girma. Ballantana ma yaron da ya shekara biyar yana dukan bokiti bisa tsari, ai ya riga ya fara, malami ne kawai bai samu ba.

Maganar ɗan'uwanmu na Ngaundare tana da madogara. Yawancin binciken nan a kan piyano da gogen Turawa aka yi shi, saboda su ne a gaban masu binciken, amma abubuwan da suka ce suna kawo canjin, wato aikin hannu biyu da bin amo da sauraro da gyarawa da yawan maimaici, duk suna cikin kalangu da garaya da goge. Game da kunne kuwa, a 2007 Patrick Wong da Nina Kraus a Jami'ar Northwestern ta Amurka sun kunna wa masu jin Turanci kalmomin Sinanci, harshen da shi ma ma'anar kalma take sauyawa da hawa da saukar murya kamar Hausa, suka tarar cewa ƙwaƙwalwar makaɗa ta fi bin wannan hawa da saukar daidai, alhali ba su san harshen ba. A 2014 kuma Kraus ta bi yaran unguwannin talakawa a birnin Los Anjeles masu koyon kiɗa kyauta, ta ga cewa ƙwaƙwalwar waɗanda suka yi shekara biyu ta fi rarrabe sautuka masu kama da juna irin "ba" da "ga", amma a waɗanda suka yi shekara ɗaya ba a ga haka ba tukuna. Wannan ya yi daidai da abin da Hajiya Ma'aikaciyar Jinya ta faɗa, cewa zango ɗaya ko biyu ba ya isa. Idan akwai inda nake sa ran kiɗa zai taimaki yaro irin namu, wanda yake jin Hausa a gida, Fulatanci a kasuwa, Faransanci a aji, Larabci a allo, to a kunne ne, ba a lissafi ba.

Baffa, amsar tambayarka ita ce e, horo ne, kuma ƙa'idar ɗaya ce: abin da yaro ya maimaita da kulawa shi ƙwaƙwalwarsa take ƙwarewa a kai. Mai tajwidi yana samun kunne da numfashi da hadda, mai kalangu yana samun kunne da hannu da amo, kuma babu ɗayansu da zai koya masa raba 84 gida 7.

Kafin ku biya dubu biyar ɗin, Maman Sadiƙu, ki je ranar Laraba ɗaya ki tsaya a bakin ajin ki ƙirga yara nawa ne da piyano nawa. Idan yara talatin ne a kan piyano ɗaya, a sa'a guda kowane yaro minti biyu zai taɓa ta, sauran lokacin kallo zai yi. In kin tarar da haka, ki tambayi ɗan'uwanmu na Ngaundare ko ya san wani dattijon makaɗi a Garwa da zai yarda ya riƙa zuwa gida, a zauna a zaure a gaban mahaifin yaron.